Rajistar Mai Karɓar Haraji da Dutsen Kabari: Yadda Yahudawan Gabashin Turai Ke Gano Kakanninsu

Shekaru da dama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, idan yaro a gidan Yahudawa a New York ko Landan ya tambayi kakarsa daga ina suka fito, amsar ba ta wuce ɗaya: garin ya shafe, mutanen sun mutu, takardun sun ƙone. Ba za a ga laifin tsohuwar ba. Kafin yaƙin, Yahudawan ƙasar Folan kaɗai sun kai miliyan 3.3, kuma kusan miliyan 3 daga cikinsu 'yan Nazi suka hallaka. Ƙananan garuruwan da Yahudawa suka kasance rabin jama'arsu ko fiye sun wayi gari babu ko Bayahude ɗaya, an ƙone majami'u, an farfashe duwatsun kaburbura an shimfiɗa su a kan hanya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai taɓa zaton wata takarda ta tsira ba. Sai dai maganar tsohuwar rabinta ce gaskiya. Takardun da al'ummar ta ajiye wa kanta da yawansu sun salwanta tare da ita, amma waɗanda hukuma ta rubuta game da ita suna nan jibge a ma'adanan Warsaw da Vilnius da Lviv da Kyiv, domin sojan da ke kashe mutane ba kasafai yake ƙone littafin gwamnati ba. Abin da nake son nunawa shi ne cewa tsirar takardun kaɗai ba ta mayar wa kowa da kakansa ba. Masu mulki ne suka rubuta su don haraji da ɗibar soja, waɗanda aka rubuta kuwa sun yi ta zillewa, don haka sai wanda ya san dalilin rubutun da dabarun zillewar ne zai iya karanta su daidai. Wannan sanin kuma ba a jami'a aka tara shi ba. Ƙungiyoyin 'yan sa-kai na gari-gari ne suka tara shi, su ne kuma suka cancanci mafi yawan yabon.

A fara da suna, domin nan ne mai bincike ke fara cin karo da bango. Har zuwa ƙarshen ƙarni na 18, yawancin Yahudawan tsakiya da gabashin Turai ba su da sunan iyali da ake gada. Mutum wane ne ɗan wane, idan an so bambanta shi sai a ƙara sana'arsa ko garinsa, kamar dai yadda a ƙasar Hausa sunan uba da na gari suka daɗe suna wadatarwa kafin rajistar makaranta ta nemi a tsayar da suna guda. Gwamnatoci ne suka ga wannan bai yi musu ba, don ba a iya bin sawun mai biyan haraji idan sunansa na sauyawa daga uba zuwa ɗa. Sarki Joseph na Biyu na Ostiriya ya kafa doka a 1787 cewa kowane Bayahude ya ɗauki sunan iyali tabbatacce. Rasha ta bi sahu a 1804, ta sake nanatawa a 1835 saboda mutane ba su kula ba. Napoleon ya yi tasa a 1808, Furushiya a 1812, yankin Folan da ke ƙarƙashin sarkin Rasha a 1821. Abin da ya biyo baya yana da muhimmanci ga duk mai neman salsalarsa. 'Yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya da ke zaune a garuruwa daban suna iya ɗaukar sunaye daban, kuma iyalai goma da babu abin da ya haɗa su suna iya ɗaukar suna ɗaya don kawai dukkansu maɗinka ne. Saboda haka wanda ya ga mai irin sunansa a wani tsohon littafi ya yi tsalle ya ce ga kakana, ya yi gaggawa. Kuma in ban da gidajen manyan malamai da suka adana silsilarsu a cikin littattafan addini, yawancin iyalai ba sa iya wuce wajejen 1800 da tabbaci.

Mafi daɗin karantawa cikin takardun su ne na tsakiyar Folan. A 1808, bayan da Napoleon ya kafa masarautar Warsaw, aka shigo da tsarin rajistar haihuwa da aure da mutuwa irin na Faransa. Da farko limaman cocin Katolika ke rubuta kowa da kowa a littafi ɗaya, sai daga 1826 aka ware wa kowane addini nasa. Shafin haihuwa a irin wannan littafi ba layi-layi ba ne, labari ne guda da magatakarda ke rubutawa da hannu ba tare da tsayawa ba. Zai faɗi gari da rana da sa'a, ya ce wane maɗinki mai shekara kaza mazaunin nan ya zo tare da shaidu biyu, ya ambaci sunayensu da sana'o'insu da shekarunsu, ya nuna jariri namiji da aka haifa a gidansa ranar kaza daga matarsa wance 'yar wane, aka raɗa masa suna kaza. A ƙasa sai sa hannu, kuma nan ne ido ke tsayawa, domin sau da yawa uban da magatakarda ya ce bai iya rubutu ba sai ga shi ya sa hannu da haruffan Ibrananci tsaf. Shaidun ma abin lura ne: a wasu garuruwa mutum biyu ne ke maimaituwa shafi bayan shafi saboda ma'aikatan majami'a ne, don haka kuskure ne a ɗauke su dangi. Daga 1868, bayan Rasha ta murƙushe tawayen 'yan Folan, aka koma rubutawa da Rashanci, ana kuma sa kwanan wata biyu, na tsohuwar kalandar Rasha da na sabuwa, da tazarar kwana 12 tsakaninsu a ƙarni na 19. Wanda bai san wannan ba sai ya zaci jarirai biyu ne.

Can gabas, a lardunan da Rasha ta killace Yahudawa tun daga 1791 har zuwa 1917, abin dogaro na farko shi ne jerin ƙidayar haraji da aka yi a 1795, 1811, 1816, 1834, 1850 da 1858. Ana jera gida-gida, maza a shafin hagu, mata a na dama idan an ƙidaya su, a rubuta shekarun mutum a ƙidayar baya da na yanzu, in ya mutu ko ya ɓace a faɗi shekarar. Taska ce babba, domin shafi ɗaya yakan nuna kaka da 'ya'ya da jikoki. Amma harajin kai-kai ne, kowane namiji da aka rubuta nauyi ne a kan al'umma, saboda haka ɓoye maza ya zama ruwan dare. Lamarin ya ƙara muni a 1827 da Sarki Nicholas na Ɗaya ya ɗora wa al'ummomin Yahudawa kawo adadin kuratan soja, ana ɗibar yara tun daga shekara 12, aikin kuma na shekara 25 ne da ba a fara lissafa shi sai yaro ya cika 18. Sai a 1856 aka soke ɗibar yaran. Uban da ya san haka zai rage wa ɗansa shekaru ko ya ƙara masa, ko ya ƙi kai sunansa gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, ana rubuta mutum ne a garin da iyalinsa ke da rajista, ko da ya shekara talatin da barinsa. A Galishiya kuwa, yankin da Ostiriya ta karɓe a 1772, matsalar ta aure ce. Hukuma ba ta amince da auren da malamin addini ya ɗaura ba sai an yi na ofis, mutane da yawa kuma ba su ga dalilin biyan kuɗi a kan auren da suka riga suka ɗaura ba. Sakamakon haka littattafan haihuwa suka cika da 'ya'yan halas da aka rubuta a matsayin na gaba da fatiha, aka ba su sunan gidan mahaifiya. Akan samu tsoho da tsohuwa masu jikoki sun je ofis sun yi auren hukuma don ɗansu ya samu fasfo da sunan ubansa.

Mai hankali zai ce, to, takardar da ke cike da ƙarya haka mene ne amfaninta? Tambayar tana da ƙarfi, kuma gaskiya ne cewa bishiyoyin nasaba da yawa da ake yaɗawa a intanet an gina su ne a kan haɗe-haɗen da ba su tsaya da ƙafarsu ba. Amma ƙaryar da ke cikin waɗannan littattafai ba ta barkatai ba ce, tana da alƙibla. An fi ɓoye maza a kan mata, an fi sauya shekarun samari a kan na tsofaffi, an fi canza sunan iyali a kan sunan uba. Wanda ya san inda mutane ke da dalilin ɓoyewa ya san inda zai yi shakka. Sannan akwai shaidu na biyu da al'umma ta rubuta wa kanta, inda babu haraji ko soja da za a guje wa. Babba cikinsu shi ne dutsen kabari. A saman dutsen akwai haruffa biyu na Ibrananci masu nuna cewa a nan aka binne, sai sunan mamacin na addini tare da sunan mahaifinsa, sai ranar mutuwa bisa kalandar Yahudawa. Idan an sassaƙa hannaye biyu a buɗe, mamacin daga zuriyar Annabi Haruna yake, wato gidan firistoci, in kuma buta aka zana, daga ƙabilar Lawi yake, kuma duka biyun ta wajen uba ake gadonsu. Ke nan dutsen wani baƙo da ya mutu a Brooklyn yana ba da sunan uban da bai taɓa barin Turai ba, a tafi da shi a nema a littafin garinsu. Al'adar raɗa suna ma shaida ce. Yahudawan gabashin Turai ba sa sa wa jariri sunan mai rai, sai na dangin da ya rasu. Idan aka ga jikoki uku a gidaje uku an raɗa musu suna ɗaya cikin shekara biyu, kusan tabbas ne kakan ya rasu gab da lokacin, ko da littafin mutuwar ya ɓace. Yahudawan da asalinsu Sifaniya ne akasin haka suke yi, suna sa sunan kaka yana raye, don haka wanda ya ɗauki ƙa'idar wani ɓangare ya ɗora wa wani zai kashe mutumin da ke da sauran shekaru ashirin a duniya.

Ga yawancin masu binciken, aikin a ƙasar da kakanni suka sauka yake farawa. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa fiye da miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, akasarinsu ta tsibirin Ellis da ke bakin New York, wanda aka buɗe a 1892. Kusan kowane gida yana da labarin cewa ma'aikacin tsibirin ne ya kasa furta sunan kaka ya canza masa. Takardu ba su goyi bayan wannan ba. Kamfanin jirgin ruwa ne ke rubuta jerin fasinjoji tun a tashar da aka taso, ma'aikacin tsibirin kuwa dubawa kawai yake yi yana tambaya, da tafinta a gefensa. Baƙin da kansu ne suka gajarta sunayensu daga baya don neman aiki ko kauce wa tsangwama. Muhimmancin gyara wannan labari shi ne, wanda ya yarda da shi zai daina neman sunan asali alhali yana nan a rubuce. Jerin fasinjojin da aka cike daga 1907 yana ɗauke da garin haihuwa, da sunan dangi mafi kusa da aka bari a gida, da wanda za a sauka wurinsa. Takardun neman zama ɗan ƙasa tun daga 1906 suna faɗin gari da sunan jirgi. A ɓangaren Turai kuma jerin tashar Hamburg na 1850 zuwa 1934 ya tsira, alhali na Bremen yawancinsa ya salwanta. Duk wannan wahalar don abu ɗaya ake yin ta, wato sunan gari, domin littattafan Turai gari-gari aka ajiye su. Sunan garin ma ba ya zama wuri ɗaya. Birnin da Jamusawa da Yahudawa masu jin harshen Yidish ke kira Lemberg shi ne Lwów na 'yan Folan, Lvov na Rashawa, Lviv na Yukren ta yau. Idan tsoho ya ce daga Minsk ko Grodno yake, sau da yawa lardin yake nufi, ƙauyensu na can nesa da birnin.

Idan aka tattara abin da ake bukata, za a ga ya fi ƙarfin mutum guda: karanta rubutun hannu na Folanci da tsohon Rashanci da Jamusanci da Ibrananci da Yidish, sanin iyakokin da suka yi ta matsawa, sanin dokar soja ta wannan shekara da dokar aure ta wancan lardi, sanin wace ma'adana ce ta gaji littafin wane gari. A nan ne ƙungiyoyin suka shigo. A 1977, shekarar da aka nuna shirin Roots na Alex Haley a talabijin ya tayar wa Amurkawa da ƙishin sanin asali, Dan Rottenberg ya fitar da littafin jagora kan nasabar Yahudawa, aka kuma kafa ƙungiyar binciken nasaba ta New York. Littafin Arthur Kurzweil ya biyo baya a 1980. An fara taron shekara-shekara a 1981, mujallar Avotaynu ta Gary Mokotoff da Sallyann Amdur Sack ta fara fita a 1985, sannan a 1988 ƙungiyoyin suka kafa uwar ƙungiya da yau ake kira IAJGS, mai rassa da dama a Amurka da Kanada da Birtaniya da Isra'ila da Ostareliya da sauransu. Taron irin wannan ƙungiya ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Ɗakin karatu ne ko zauren majami'a, sau ɗaya a wata, yawancin mahalarta 'yan fansho. Wani zai yi bayani kan yadda ake karanta jerin fasinjoji, bayan nan sabon shiga ya fito da hoton dutsen kabarin kakansa da ba ya iya karantawa, wata dattijuwa ta karanta masa cikin minti biyu, wani kuma ya tambaye shi a wane ɓangaren maƙabarta aka binne shi. Tambayar ba ta banza ba ce. Baƙin da suka fito gari ɗaya sukan kafa ƙungiyar taimakon juna su sayi fili a maƙabarta, su rubuta sunan garinsu a kan ƙofar shiga. Ƙungiyar New York ta bi maƙabartun yankin ta tattara bayanin filaye irin waɗannan fiye da 10,000, don haka inda aka binne mutum yakan tona garin da iyalinsa suka manta.

Misalin da ya fi nuna ƙarfin wannan aiki na gayya shi ne na Stanley Diamond, wani ɗan kasuwa a Montreal. Ya gano cewa iyalinsa na ɗauke da ƙwayar cutar jini mai suna talasimiya, 'yar'uwar sikila da ake gado ta irin hanyarta, sai ya ƙuduri aniyar nemo danginsa na nesa ya gargaɗe su. Neman ya kai shi garin Ostrów Mazowiecka na Folan, ya kuma fahimci cewa duba littattafai shafi-shafi don iyali ɗaya ɓarnar ƙarfi ce, gara a fitar da sunayen garin duka sau ɗaya kowa ya amfana. Da shi da abokan aikinsa suka kafa JRI-Poland a 1995, suka ƙulla yarjejeniya da hukumar ma'adanan Folan a 1997. Tsarin mai sauƙi ne: zuriyar kowane gari su haɗa kuɗi da hannu, wani ya jagoranta, a shigar da sunaye cikin fihirisa guda. Yau fihirisar ta haura bayanai miliyan 5 daga garuruwa fiye da 500. Ƙungiyoyin Gesher Galicia da LitvakSIG sun yi irin wannan wa Galishiya da Lituweniya, Miriam Weiner ta shiga ma'adanan Folan da Yukren ta wallafa jerin abin da ya tsira gari-gari a 1997 da 1999, JewishGen kuma, wadda Susan King ta fara a Houston a 1987, ta zama dandalin da ya haɗa su. Har matsalar rubuta suna ta hanyoyi goma 'yan sa-kai ne suka warware: a 1985 Randy Daitch da Gary Mokotoff suka tsara hanyar mayar da suna lamba shida bisa sautinsa, ta yadda kwamfuta za ta haɗa rubutun magatakardan Rasha da na akawun jirgin Jamus da na ma'aikacin Amurka wuri ɗaya. Babu gwamnatin da ta ba da odar a yi wannan, babu kuma wadda za ta yi.

Akwai suka da ta fi ta farko nauyi, kuma ba a kawar da ita da wasa. Tattara sunayen Yahudawa da salsalarsu shi ne ainihin abin da makasansu suka yi. Dokokin Nuremberg na 1935 da addinin kakanni huɗu suka auna mutum. Ƙidayar Jamus ta Mayun 1939 ta zo da kati na musamman da ke tambayar kowa ko cikin kakanninsa akwai Bayahude. A Holan, inda rajistar jama'a ta fi ta ko'ina tsari, an hallaka kimanin 102,000 cikin Yahudawa 140,000, kuma ko da yake akwai wasu dalilai, ingancin rajistar na cikinsu. Shi ya sa 'yan gwagwarmaya suka kai wa ofishin rajistar Amsterdam hari ranar 27 ga Maris 1943 don su ƙone katunan, aka kama da yawansu aka harbe. Ƙungiyar binciken nasabar Yahudawa ta farko ma a Berlin aka kafa ta a 1924, ƙarƙashin likitan ido Arthur Czellitzer, wanda ya gudu Holan, aka kama shi aka kashe a Sobibor a 1943. Wanda ya san wannan tarihi yana da haƙƙin jin tsoron kowace fihirisa. Amsata ita ce haɗarin yana cikin jerin masu rai, kuma a nan dole a tsaurara. Dokar Folan ta rufe littafin haihuwa shekara 100, na aure da na mutuwa shekara 80, ƙungiyoyin kirki kuma suna ɓoye bayanin rayayyu. Amma barin matattu babu suna ba ya kare kowa, cika burin waɗanda suka so shafe su ne kawai. Abin da ya faru da littattafan al'ummomin Jamus ya isa hujja: ofishin tantance jinsi na 'yan Nazi ya ƙwace su ya sa wani kamfani ya ɗauke su a fim, yawancin na asalin suka salwanta, fim ɗin ya tsira, kuma da shi jikokin waɗanda aka kora ke gano kakanninsu yau. Ƙin taɓa shi saboda hannun da ya ɗauka zai zama hasara ta biyu. Wannan ba ya nufin a saki jiki. Cocin Mormon, wanda ya ɗauki dubban littattafan Folan a fim ya kuma taimaki masu bincike ƙwarai, an same shi da yi wa waɗanda aka kashe baftisma bayan mutuwarsu, sai da shugabannin Yahudawa suka tashi tsaye aka yi yarjejeniyar dainawa a 1995. Masu binciken nasaba ne suka bankaɗo abin, wanda ke nuna cewa idon da ke tara sunayen shi ne kuma ke gadinsu.

Wasu kuma cewa suke yi duk abin alfahari da asali ne, ko farautar fasfo. Na biyun yana da ƙamshin gaskiya. Jamus tun kundin tsarin mulkinta na 1949 take mayar wa zuriyar waɗanda 'yan Nazi suka ƙwace wa zama ɗan ƙasa haƙƙinsu, Ostiriya ta faɗaɗa nata a 2020, Sifaniya da Fotugal kuma a 2015 suka buɗe ƙofa ga zuriyar waɗanda aka kora a ƙarshen ƙarni na 15. Inda fasfo ya shiga, 'yan damfara sun shiga, har Fotugal ta tsaurara sharuɗɗanta a 2022. Sai dai neman abin da aka ƙwace wa kakanka ba abin kunya ba ne, maganin jabun nasaba kuma shi ne ƙwararrun da suka san bambanta hujja da zato. Zancen alfahari kuwa littattafan da kansu suke rushe shi. Wanda ya shiga yana fatan samun babban malami, yawanci maɗinki yake samu, ko mai amalanke, ko mai ɗebo ruwa, da shafin mutuwa cike da jarirai. Gwajin DNA ma bai rage wa kowa wannan aiki ba. Yahudawan gabashin Turai sun fito daga ƙaramin tushe, sun kuma daɗe suna aure a tsakaninsu, saboda haka gwajin yakan jero wa mutum dubban 'yan'uwa da ke nuna kusancin da ya wuce na gaskiya. Yana tabbatar da abin da takarda ta nuna, ya kuma haɗa wasu da yaƙi ya raba, amma ba ya faɗin sunan kowa.

Bai kamata a ɓoye iyakar abin ba. Littattafan birnin Warsaw da yawa sun ƙone a 1944, wasu garuruwan babu abin da ya rage nasu sai littattafan tunawa da waɗanda suka tsira suka rubuta da Yidish da Ibrananci bayan yaƙi, ɗaruruwa daga cikinsu, waɗanda 'yan sa-kai ke ta fassarawa babi-babi. Mata sun fi maza wuyar bi, talaka ya fi mai dukiya. Cibiyar Yad Vashem da ke Ƙudus, wadda aka kafa a 1953, ta shafe shekaru tana karɓar takardar shaida ɗaya kan kowane mutum da aka kashe, ta sa su a intanet a 2004, ta kuma tattara sunaye fiye da miliyan 4.8 cikin miliyan 6. Ma'adanar Arolsen a Jamus, mai takardu kusan miliyan 30 game da mutum miliyan 17.5, sai a 2007 aka buɗe ta ga masu bincike, kuma ita ma da ta so a shigar da sunayenta cikin kwamfuta, 'yan sa-kai ta kira. Waɗanda suka fi ɓacewa su ne yara, kimanin miliyan 1.5, domin ɗan'uwan da ya tsira a Amurka yakan tuna sunan wansa da matar wan, amma bai taɓa ganin 'ya'yansu ba, wani lokaci bai ma san an haife su ba. Shaidun da za su iya cike wannan giɓi da baki sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage shi ne littattafan haihuwa da ke ofisoshin rajista na garuruwan Folan, waɗanda ba a miƙa wa ma'adana sai shafin ƙarshe na littafin ya cika shekara 100. Na yaran da aka haifa tsakanin 1930 da 1939 za su fara buɗewa ne daga 2030, kuma ƙungiyoyin da za su zauna su karanta su suna bukatar sababbin hannaye tun yanzu.